Mazan Jiya da Abin da Suka Dawo da Shi Daga Kan Duwatsu

Wanda ya taɓa kwana a mararrabar Tsarnawa cikin hunturu, inda hanyar Tawa ke rabuwa da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ya san iyakar abin da muke kira sanyi a ƙasar nan. Da asuba masu shayi sun hura wuta, direbobin motocin albasar Galmi da na simintin Malbaza sun naɗe kawunansu sun kewaye murhu, hazo ya lulluɓe duwatsun Adar har ba ka iya hango su. Kafin hantsi kuwa kowa ya yar da bargo. Ƙanƙara, in ba wadda takan faɗo tare da ruwan farkon damina ba, sai ta firji da muke rububi da azumi. Don haka ba zan yi mamaki ba in mai karatu ya tambaye ni me ya haɗa mutumin Ƙonni ko Illela da zancen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Abin da ya haɗa mu shi ne tsohon soja. Labarin da zan kawo labarin mazan jiya ne, kuma mazan jiya muna da su, na jiya da na yau.

Ina yaro akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi wa Faransa soja a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila. Ranar buki yakan fito da lambobinsa a maƙale a ƙirjin riga. Yakan ba mu labarin wata ƙasa inda ruwa ke daskarewa a cikin gora, yatsun mutum su mutu yana kallonsu, ƙasa ta yi fari fat kamar an baza auduga. Mukan saurara mu yi dariya, don ba mu yarda ba. Ya rasu babu wanda ya rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa. Sai da na girma na karanta tarihin wata rundunar Amurka, sannan na gane cewa dattijon gaskiya yake faɗi, na kuma gane girman abin da muka bari ya salwanta.

Zamiyar nan dai sauƙin bayani gare ta. Mutum yakan ɗaura wa ƙafafunsa dogayen katako biyu sirara, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulale a kan dusar ƙanƙara daga kan tudu zuwa gangare, ko ya ratsa daji da su inda mai tafiya da ƙafa zai nutse har gwiwa. Mutanen arewacin Turai da farauta da tafiye-tafiye suka fara ta, tun kafin ta zama wasa, kamar yadda raƙumi yake a wurin Buzaye. Da sarakuna suka ga amfaninta sai suka kai ta bariki. Italiya ta kafa sojojinta na duwatsu a 1872, Faransa ta bi sahu a 1888. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Italiya da na Ostiriya sun gwabza a kan ƙololuwar duwatsu, inda zaftarewar ƙanƙara kaɗai ta binne dubban mutane. Cikin masu koya wa sojojin Ostiriya zamiya a lokacin akwai Hannes Schneider, wanda bayan yaƙi ya mayar da horon barikin ya zama tsarin makaranta, aka riƙa koyar da farar hula da shi a ƙasashe da dama. A 1939 ya tsere wa 'yan Nazi ya koma Amurka.

A ƙarshen watan Nuwamba na 1939 ɗin Tarayyar Sobiyet ta afka wa Finlan. Ƙaramar ƙasa ce, kowa ya ɗauka za a gama da ita cikin 'yan kwanaki. Amma sojojinta, sanye da fararen tufafi, suna sulalewa cikin kurmi ba a jin motsinsu, suka datse manyan rundunoni biyu na Sobiyet a wajen Suomussalmi suka tarwatsa su. Labarin ya isa kunnen wani Ba'amurke, Charles Minot Dole, shugaban ƙungiyar masu sintirin ceto a filayen zamiya, wadda aka kafa a 1938. Ya dinga rubuta wa hukumomi wasiƙu, ya kai ƙorafinsa har gaban babban hafsan sojoji George Marshall, yana cewa Amurka ba ta da sojan da zai iya yaƙi a kan dutse cikin sanyi. Hujjarsa ita ce ya fi sauƙi a mayar da gwanin zamiya soja, da a mayar da soja gwanin zamiya. Aka yarda da shi, aka kuma yi abin da ba a saba ba: aka bar wa ƙungiyar farar hula aikin zaɓo kurata. Duk mai son shiga sai ya kawo takardun shaida uku daga mutanen da suka san shi.

Nan ne tushen labarin duka, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi. Mutanen nan ba bariki ne ya koya musu son dutse ba. Da son suka shiga. Akwai zakarun gasa, da malaman zamiya 'yan gudun hijira daga Ostiriya da Nowe, da ɗaliban jami'a, da masu gadin daji, da makiyaya waɗanda suka san alfadari. A 1942 aka gina musu sansani mai suna Camp Hale a jihar Kolorado, a wani kwari da ya ɗara tsayin teku da kimanin mita 2,800. Don kwatance, ƙololuwar dutsen Bagazam na Abzin, wadda ta fi ko'ina tsawo a Nijar, mita 2,022 ce. A can suka yi ta atisaye da kaya mai nauyin kusan kilo 40 a baya, suna kwana a fili cikin sanyin da ke cin yatsu. A ƙarshen 1944 aka raɗa musu sunan Runduna ta 10 ta Sojojin Duwatsu, aka tura su Italiya.

Jamusawa sun kafa kansu a kan duwatsun arewacin Italiya, sun tare hanyar shiga kwarin kogin Po. Akwai wani dogon tsauni da Amurkawa suka sa wa suna Riva Ridge, wanda daga kansa Jamusawa ke hango duk motsin da ake yi a ƙasa. Ɓangarensa ɗaya a tsaye yake kamar bango, don haka ba su damu da tsaronsa ba. A daren 18 ga Fabrairun 1945 ɗaruruwan sojojin rundunar suka hau ta wannan ɓangaren, cikin duhu, da igiyoyi, ba magana ba harbi. Gari na wayewa sai ga su a kan masu gadi. A daren da ya biyo baya suka tasar wa dutsen Belvedere, inda aka yi ɓarin jini sosai. Daga nan suka yi ta turawa har suka ƙetare Po suka isa tabkin Garda, kafin Jamusawan Italiya su miƙa wuya ranar 2 ga Mayu. Cikin ƙasa da wata huɗu rundunar ta rasa mutum kusan 1,000, wasu kusan 4,000 suka ji rauni. Katakon zamiyar da suka shafe shekaru suna horo da shi kuwa, a 'yan sintiri kaɗan aka yi amfani da shi. Abin da ya yi musu rana shi ne juriya, da sanin dutse, da yarda da juna.

An rusa rundunar a ƙarshen 1945, kowa ya kama gabansa. Amma gaban da yawansu suka kama, dutse ne. Friedl Pfeifer, haifaffen Ostiriya, ya dawo da huhu guda da rauni. Tun suna horo ya ƙyalla ido a kan Aspen, wani tsohon garin masu haƙar azurfa da ya mutu tun faɗuwar kasuwarta a 1893. Ya haɗa kai da wani attajiri, Walter Paepcke, suka kafa kujerun da ke hawa da mutane kan dutse bisa igiyar ƙarfe, aka buɗe a hunturun 1946 zuwa 1947, kuma a 1950 garin ya karɓi gasar duniya. Pete Seibert ya fi shi shan wuya. Ɓaraguzan bam sun farfasa masa gwiwa da hannu da fuska, ya yi fiye da shekara a asibiti, likitoci suna shakkar ko zai sake ɗaura katako. Ya ɗaura, har ya shiga tawagar ƙasarsa. A 1957 wani ɗan yankin, Earl Eaton, ya hau da shi wani dutse da ba kowa a kansa, a Disambar 1962 suka buɗe Vail, wanda yau yana cikin manyan wuraren zamiya na duniya. Ɗaya daga cikin dogayen gangarensa sunanta Riva Ridge. Masu lissafi sun ce wuraren zamiya kimanin 60 ne a Amurka tsofaffin wannan runduna suka kafa ko suka jagoranta, ban da makarantu da shagunan kaya da mujallu.

Wasu sun bi wata hanyar, amma da ƙurar dutsen a ƙafarsu. Bill Bowerman ya zama mai horar da 'yan tsere, shi da ɗalibinsa Phil Knight suka kafa kamfanin da ya zama Nike, wanda tambarinsa ke kan takalman yaranmu a kasuwar Ƙonni. David Brower ya zama jagoran masu kare daji da muhalli. Bob Dole, wanda aka harbe a watan Afrilun 1945 hannunsa na dama ya shanye, ya zama sanata har ya nemi shugabancin ƙasa a 1996. Fritz Benedict, mai zanen gine-gine, ya jagoranci gina jerin bukkoki a cikin duwatsun da suka yi horo, don matafiya su riƙa kwana, kuma wasu daga bukkokin an gina su ne da sunan waɗanda suka kwanta dama a yaƙi. Sauran kuma suka riƙe al'ada guda: kowane hunturu su haɗu a kusa da tsohon sansaninsu, su sa fararen kayan nan, su sulalo tare a jere, har sai da wasunsu suka haura shekara 90 suna yi. A Oktoban 2022 gwamnatin Amurka ta ayyana wurin sansanin a matsayin wurin tarihi na ƙasa.

Me ya sa abin ya yiwu? Ba na jin jaruntaka ce kawai, domin jarumai sun cika duniya a 1945. Na farko, kamar yadda na ce, sana'arsu ce suka kai yaƙi suka dawo da ita, sun ƙara gogewa, sun kuma san junansu, kowa ya san wanda zai kira in yana neman abokin aiki. Sannan ƙasarsu ta tarbe su da abin hannu. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta biya musu kuɗin karatu, ta sauƙaƙa musu rancen gida da na sana'a. Rarar kayan soja, katako da takalma da tantuna, aka zuba su kasuwa da araha, talaka ma ya iya saye. Tattalin arziki yana bunƙasa, mutane suna da mota da ranakun hutu. Akwai kuma dalilin da ba a auna shi da kuɗi. Mutumin da ya ga abokinsa ya faɗi a kan dutse, in ya koma dutsen cikin aminci, tare da waɗanda suka ga abin da ya gani, wani nauyi yakan sauka daga ƙirjinsa. Wasan ya zame musu magani, ya zame musu zumunci, ya kuma zame musu abinci.

To, mu dawo gida, domin mu ma namu sun hau duwatsu, kuma tun kafin Amurkawan nan su taka Italiya. A watan Maris na 1941 sojojin Najeriya, bayan sun yi tafiya mai nisa daga Mogadishu, sun fasa mashigar dutsen Marda a kan hanyarsu ta zuwa Harar a ƙasar Habasha. Daga 1943 kuma aka kwashi runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, zuwa yaƙin Bama. Kimanin mutum 90,000 ne daga yankinmu suka je can, fiye da rabinsu daga Najeriya, kuma Hausa ce harshen bariki. Cikinsu har da waɗanda suka tsallaka iyaka daga ɓangaren Faransa suka shiga sojan Ingila. A tsaunukan Arakan da kwarin Kaladan babu hanyar mota, wani wurin ko alfadari ba ya iya bi. Jiragen sama ke jefo abinci da harsashi, sojoji 'yan dako su ɗora a ka, su hau tudu su gangara, cikin ruwan sama da sauro da matsattsaku. Da haka suka kai ga karɓe Myohaung a Janairun 1945, wata guda kafin daren Riva Ridge. Sarkin Katsina Usman Nagogo, a shekarar da ya hau gado, 1944, ya je har Indiya da Bama. Yau abin da ya rage a idon jama'a shi ne sunayen barikoki: Myohaung da Dodan da Arakan a Legas, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Mutane nawa ne cikin masu wucewa ta ƙofarsu suka san inda sunayen suka fito?

A namu ɓangaren na Nijar, duk baƙar fatar da Faransa ta ɗauka daga yammacin Afirka sunansa sojan Senegal, ko da daga Adar ko Gobir ko Arewa ya fito. Su ne suka sha sanyin Chemin des Dames a Afrilun 1917, inda ƙafafu suka daskare kafin a fara harbi. 'Ya'yansu ne suka sauka a gaɓar kudancin Faransa a watan Agustan 1944, suka shiga yaƙin 'yantar da Toulon, suka yi arewa har gindin duwatsun Vosges. A cikin waɗannan duwatsun ne wani ɗan Gini, Addi Ba, ya taimaka wajen kafa sansanin 'yan gwagwarmaya, Jamusawa suka kama shi suka harbe shi a Disambar 1943. Da kaka ta shigo a 1944, sai aka janye dubban baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka karɓe musu makamai da tufafi aka ba samarin Faransa, aka ce wai sanyi ne ba za su iya ba. Sanyin gaskiya ne, amma har da son a ga fararen fuskoki ranar nasara. Ranar 1 ga Disambar wannan shekarar, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wa wasu da suka dawo daga hannun Jamusawa wuta saboda sun nemi haƙƙinsu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. A ƙarshen 1959 aka kafa dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, ya tsaya cak inda yake shekara da shekaru, na takwarorinsu Faransawa yana hawa. Sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2010 aka daidaita shi gaba ɗaya, a lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna kabari.

Ga bambancin nan a fili. Wani ya dawo aka ba shi makaranta da rance, wani ya dawo aka ba shi lamba da tsohuwar riga. Ba ina cewa namu sun dawo hannu wofi ba ne. Da yawa sun iya tuƙi da kanikanci da aikin asibiti, wasu sun zama masu gadi da masinjoji da tafintoci, wasu sun shiga siyasar neman 'yanci da buɗaɗɗen ido. Amma kowa shi kaɗai ya yi ta fama. Ba a tara gwanintarsu wuri guda an gina wani abu a kanta ba. Inda aka ba ɗan Afirka fili kuwa, an ga abin da ya yi. Alain Mimoun, haifaffen Aljeriya, an raunata shi a ƙafa a yaƙin dutsen Cassino a farkon 1944 har ana shirin yanke ta. Ya warke, ya ci tseren dogon zango na wasannin Olamfik a Melbourne a 1956, bai kuma daina gudu ba har tsufansa, ya rasu a 2013 yana da shekara 92. Abebe Bikila, dogarin fadar Sarkin Habasha, ya ci irin wannan tsere a Rum a 1960 ba takalmi. Haɗarin mota ya shanye masa ƙafafu a 1969, amma bai zauna ba: ya koma harbin kibiya, kuma a 1971 ya je Nowe ya ci tseren keken zamiya a kan ƙanƙara.

In ana neman abin da ya fi kama da labarin sojojin duwatsu a ƙasar Hausa, a wurin doki za a same shi. Doki shi ne kayan yaƙinmu. Barde da lifidi da sulke da kwalkwali, da su aka yi Gobir da Adar da Kabi, da su aka yi yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan yaƙin Tafkin Kwatto a 1804. Sai bindiga mai ruwa ta zo. Ƙonni ta ɗanɗana kuɗarta a hannun hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a watan Mayun 1899, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Daga ranar doki ya tashi daga abin yaƙi. Amma mahayan ba su sauka ba. Jeren da ake yi a gaban sarki kafin a fita daga, da sukuwar jahi da ake zaro takobi a ja linzami a gabansa, su suka rayu a cikin hawan salla, a Katsina da Zazzau da Kano da Damagaram, har hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin gadon al'adun duniya a Disambar 2024. Masu sirdi da masu linzami da masu jalala da makaɗa duk suna ci daga wannan har gobe. Yaƙi ya wuce, gwanintar ta sami inda ta zauna, domin sarauta ta riƙe ta.

Ƙwallon dawaki ma ta bariki ya shigo. Hafsoshin Ingila ne suka kawo folo, suna buga shi a Legas tun 1904. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya gani, ya gane cewa mahayansa sun riga sun iya rabin wasan, ya kafa shi a Katsina ya sa 'ya'yansa a kai. Ɗansa Usman Nagogo ya kai matakin gwaninta na 7, wanda ake cewa babu ɗan Afirkan da ya kai shi a zamaninsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ɗan Nagogo, Hassan Usman Katsina, ya yi soja, ya zama gwamnan Jihar Arewa a 1966, ya kai muƙamin Manjo Janar, ya bar aiki a 1975, amma bai rabu da filin folo ba har rasuwarsa a 1995. Sai dai in faɗi gaskiya, folo wasan masu hali ne, kamar yadda zamiya ta zama a Aspen da Vail, inda yau ma'aikacin da ke share gangaren ba ya iya kama hayar ɗaki a garin. Wannan tabo ne a jikin labarin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Sojan ƙasa da ya yi dakon harsashi a Kaladan bai taɓa samun dokin folo ba.

Wasan talaka a wurinmu kokowa ce, kuma ita ma tsohon soja ne ya ɗaga ta. Seyni Kountché ya yi wa Faransa soja a Indocin da Aljeriya kafin ya karɓi mulki a Afrilun 1974. Duk abin da mutum zai ce game da mulkinsa, a zamaninsa ne aka ɗauko kokowar da samari ke yi a dandali bayan girbi aka mayar da ita gasar ƙasa. A nan Tawa aka yi ta farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Yau in ana wannan gasa ta kokowar takobi, kasuwa takan yi shiru, kowa yana gindin rediyo ko talabijin, Bazabarme da Bahaushe da Barebari da Buzu suna ihu ɗaya. Wannan ya nuna cewa in hukuma ta sa hannu a kan abin da mutane suka riga suka iya, suke kuma so, yakan kama ƙasa ya yi saiwa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance yanzu shi ne, mun sake shiga zamanin da ke haifar da mazan jiya. Daga Diffa zuwa Tilaberi, daga arewacin Tawa zuwa Barno da Zamfara, samarinmu suna bakin daga. Inates kaɗai ta ci sojoji 71 a Disambar 2019, Cinagodar ta ci 89 bayan wata guda. Waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙan su. Amma akwai waɗanda suka dawo, wani ba ƙafa, wani ba hannu, wani jikinsa lafiya lau amma barci ya ƙaurace masa, ƙarar salansar babur tana sa shi zabura. A al'adarmu namiji ba ya faɗin irin wannan ciwo. Sai ya shige ɗaki, iyali su yi ta haƙuri da shi.

Turawa sun daɗe da gano cewa wasa yana cikin maganin wannan. Sojojin Jamus da Ostiriya da suka rasa ƙafa a yaƙin Hitila su ne suka ƙirƙiro zamiya da ƙafa ɗaya, suna dogara sanduna masu ƙananan katako a gindi. Likita Ludwig Guttmann ya fara gasar raunanan sojoji a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1948, daga ita wasannin Olamfik na naƙasassu suka samo asali, aka yi na hunturu na farko a Suwidin a 1976. Abin ya iso kusa da mu. A 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga gasar Invictus ta sojojin da suka ji rauni, a Jamus, kuma a Fabrairun 2025 tawagarta ta je Kanada, inda a karon farko aka sa wasannin ƙanƙara a cikin gasar.

Ba na kiran a kai tsofaffin sojojinmu ƙasar ƙanƙara. Abin da muke da shi ya isa. Muna da kokowa da dambe da langa da sukuwa da tseren raƙuma, muna da ƙwallon ƙafa a kowane lungu, muna da duwatsun Adar waɗanda samari za su iya tsere a kansu. Muna kuma da tarin yara da ke yini a bakin tasha ba abin yi, waɗanda masu ɗauke da makamai ke zawarcinsu da babur da 'yan kuɗi. Sojan da ya bar aiki yana da shekara arba'in da 'yan kai ya san horo, ya san tashi da asuba, ya san yadda ake riƙe mutum talatin su zama tsintsiya ɗaya, ya kuma san abin da bindiga take yi wa jikin ɗan Adam fiye da duk mai wa'azi. Irin wannan mutum bai kamata ya ƙare a kan benci a ƙofar wani kanti yana gadi ba.

Ina kira ga magadan gari na Tsarnawa da Ƙonni da Malbaza da Illela, da sarakunanmu, da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, da attajiran albasa da na sufuri: a ware fili a kowace gunduma, a ba tsofaffin sojoji horon koyar da wasanni, a ɗan sa musu albashi, a danƙa musu yara. Waɗanda suka rasa gaɓa a sama musu kekuna da wasannin da suka dace da su, su ma a riƙa kiɗa musu kalangu a fili. Ku kuma ɗalibai da malaman makaranta, kowannenku yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Har yanzu akwai 'yan ƙalilan da suka yi Aljeriya, akwai waɗanda suka je yaƙin Tekun Fasha a 1991, akwai na Kodebuwa da na Mali. Ku je ku gaishe su, ku zauna a tabarmarsu, ku tambaye su inda suka je da abin da suka gani, ku ɗauka ku adana tun suna da rai.